Katako Mai Ramuka 10: Yadda Yaran Wani Gidan Haya a Birnin Rum Suka Koyi Gyara Kuskurensu

Gidan da matsalarsa, 1884 zuwa 1906

Unguwar San Lorenzo tana gabashin birnin Rum na ƙasar Italiya, a bayan tsohuwar ganuwa, tsakanin layin dogo da babbar maƙabartar birnin. A gurguje aka gina ta tsakanin 1884 da 1888, lokacin da masu kuɗi suka yi caa a kan harkar gini saboda Rum ta zama babban birnin ƙasa. Bankuna suka yi ta ba da rance, magina suka yi ta ɗora bene a kan bene, sai kasuwar ta faɗi warwas. Gidaje da yawa suka tsaya ba a gama ba, talakawa suka shige su a haka. Mutum ya kama ɗaki biyar ko shida, ya yayyanka ya ba wasu haya, su ma waɗancan su saka wasu, har gado ɗaya sai an biya kuɗinsa.

A farkon ƙarni na 20 wani kamfanin gidaje ya sayi da dama daga cikin benayen nan ya gyara. Aka fasa tagogi, aka buɗe tsakar gida don iska da hasken rana su shiga, aka jawo ruwa, aka mai da manyan sassa ƙanana yadda kowane iyali zai sami nasa. Sharaɗin da aka gindaya wa 'yan haya shi ne su riƙe gida da tsabta.

A nan matsalar ta ɓullo. Uwa da uba duk suna fita neman abinci tun da sassafe. Yaran da suka isa makaranta sun tafi makaranta. Waɗanda ba su isa ba, 'yan shekara 3 zuwa 6, su ne suka gaji gidan daga safe har yamma, ba mai ce musu kanzil. Suka bi sabon farin bango da zane, suka ɓata matakala, suka ƙazantar da tsakar gida. Kamfani na gyarawa, yara na ɓatawa.

Shawarar mai gida, ƙarshen 1906

Shugaban kamfanin, wani injiniya mai suna Edoardo Talamo, ya yi lissafi ya ga cewa ware ɗaki ɗaya a ƙasan bene, a tara yaran a ɗauki mace ta zauna da su, ya fi araha a kan kuɗin fenti da gyara. Ya nemi Maria Montessori ta kula da abin.

Likita ce, ta gama karatu a jami'ar Rum a 1896. Ta yi aiki da yara masu larurar ƙwaƙwalwa, ta kuma shugabanci wata makarantar horar da malamansu daga 1900 zuwa 1901. A can ta ɗauko kayan koyarwa na likitocin Faransa biyu, Itard da Seguin, ta gyara su, ta ƙara nata. Kusan dukansu kayan rarrabewa ne da haɗa abu da ɗan'uwansa: wannan ya shiga nan, wancan ya dace da can, wannan ya fi wancan kauri. Wasu daga cikin yaran da ta koyar da su har suka ci jarrabawar karatu da rubutu ta gwamnati tare da yara masu lafiya. Ta daɗe tana son ta gwada kayan a kan yaran da ba su da wata larura, kuma ga dama ta samu.

Buɗewa, 6 ga Janairu 1907

An buɗe ɗakin ranar 6 ga Janairu 1907, aka sa masa suna Gidan Yara. Yara kimanin 50 aka kawo. Yawancin iyayensu ba su iya karatu ba, leburori ne da masu aikin yini. Bisa bayanin da Montessori ta rubuta daga baya, yaran sun zo a tsorace, wasu na kuka, an yi juyin duniya su yi magana sun ƙi.

Abin da ke ɗakin bai taka kara ya karya ba: manyan tebura masu nauyi, teburin malama, allo, murhu, da wani ƙaton kabad mai makulli. Malamar kuwa 'yar mai gadin gidan ce, ba horarriyar malama ba ce. Montessori tana koyarwa a jami'a, saboda haka ba kullum take zuwa ba. Umarnin da ta bar wa malamar kaɗan ne: ta nuna wa yara yadda ake amfani da kayan, ta bar su, ta lura da abin da suke yi.

Akwai dokokin da aka liƙa wa iyaye. Ba a biyan ko sisi. Amma dole a kawo yaro a kan lokaci, jiki da tufafi tsaf. Uwa za ta riƙa ganin malama sau ɗaya a mako su tattauna halin ɗanta. Yaron da ake kawowa da dauɗa, ko wanda ya gagara, ko wanda iyayensa suka wulaƙanta malama, ana iya sallamarsa. Akwai likita da ke duba yaran. Malamar kuma a cikin benen take zaune, maƙwabciyar iyayen ce.

Abin da aka gwada bai yi ba, watannin farko

Na farko kayan wasa. Masu hali sun ba da 'yan tsana masu tsada da ƙananan kayan kicin. Montessori da kanta ta zauna ta nuna wa yaran yadda ake wasa da su. Sai su ɗan taɓa, su ajiye, su tafi. Ba a daɗe ba aka kwashe su.

Na biyu lada da horo. Wata rana Montessori ta shigo ta tarar malama ta rataya wa wani yaro lambar yabo a wuya, wani kuma an zaunar da shi a tsakiyar ɗaki don ya yi laifi. Mai lambar yana ta kai da kawowa da kayan aikinsa, lambar ta faɗi, ko waiwaye bai yi ba. Mai laifin ya ɗauka, ya tambaye shi ko yana so, mai lambar ya nuna bai damu ba. Sai mai laifin ya rataya abarsa, ya gyara zama yana jin daɗi. Lambar ba ta ƙara wa na farko himma ba, kujerar horon ma ba ta kunyata na biyu ba. Aka daina duka biyun.

Na uku shi ne tsarin rabon kaya. Malama ce ke buɗe kabad, ta miƙa wa kowane yaro abin da ta ga dama, in an gama ta karɓa ta kulle. Kullum yaran sai su taso su bi ta har bakin kabad, ta kore su, su dawo. Ta kai ƙara cewa ba sa jin magana. Da Montessori ta zauna ta duba, sai ta ga so suke su mai da kayan wurinsu da hannunsu. Aka bar su.

Sannan wata safiya malamar ta makara, ga shi jiya ta manta ba ta kulle kabad ba. Ta iso ta tarar yara sun buɗe, kowa ya ɗauki abin da yake so. A wurinta wannan sata ce, ta nemi a hukunta su. Montessori ta ce yaron da ya san kaya har ya iya zaɓen wanda yake so, ya kai a bar shi ya zaɓa. Aka kawar da ƙaton kabad, aka kawo gajerun kantoci daidai tsawon yaro. Manyan teburan ma suka tafi, aka ƙera marasa nauyi waɗanda yara biyu 'yan shekara 4 za su iya ɗagawa. Daga nan ne aka fara ganin kayan da yara ke komawa gare su kullum, da waɗanda ƙura ke rufewa a kan kanta.

Katakon da yaran suka riƙe

Cikin abin da suka fi komawa gare shi akwai wani gungumen katako mai tsawo, an huda masa ramuka 10 a jere. Kowane rami yana da matoshinsa na katako, mulmulalle kamar guntuwar tabarya, da ɗan kai a sama da za a kama da yatsu uku. Iri uku ne. A na farko duk matosan tsawonsu ɗaya, kaurinsu ne ya bambanta: mafi siranta faɗinsa santimita 1, kowane na gaba ya ɗara da rabin santimita, har zuwa santimita 5 da rabi. A wani kuma kauri ɗaya ne, tsawo ya bambanta. A na ukun duka biyun suna raguwa tare.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. A zare matosan duka, a cakuɗa su a kan tebur, a mai da kowanne raminsa.

Sai an kalli yaro yana yi ake gane abin da ke ciki. Ya ɗauki matoshi mai kauri ya kai ƙaramin rami, ya ƙi shiga. Wannan kuskure ne mai sauƙi, nan take hannu ya gaya masa, ya matsa gaba. Amma in ya ɗauki siriri ya jefa a ramin da ya ɗan fi shi girma, sai ya faɗa sumul, babu abin da ya hana. Yaro ya ci gaba da aikinsa yana ganin komai daidai. Sai a ƙarshe: matoshi ɗaya ya rage a hannu, mai kauri, ramin da ya rage kuma ƙarami. Ya danna, ya ƙi. Ya juya shi, ya ƙi. Ya leƙa ramin, ya dubi abin da ke hannunsa, ya ɓata fuska. Babu wanda ya ce masa ya yi kuskure, amma ga kuskuren a tafin hannunsa, kuma ba a nan aka yi shi ba, can baya ne. Dole ya koma ya bi layin, ya taɓa wannan, ya girgiza wancan, har ya ji wanda ke rawa a raminsa. Ya zare shi, ya saka na hannunsa, sai kuma sabon da ya zaro ya zama shi ne ke neman gida. Wani lokaci sai ya zazzage duka ya sake daga farko.

Duk macen da ta taɓa tara murafen tukwane bayan wanke-wanke ta san wannan: ƙaramin murfi ya zurma cikin babbar tukunya, babba ya zauna a karkace a kan ƙarama, kuma ba sai an gaya mata ba.

A kan wannan katako ne Montessori ta ga abin da ta ce ya sauya mata tunani. Wata yarinya 'yar kimanin shekara 3 ta zauna tana zarewa tana mayarwa, ta gama ta sake, ta gama ta sake. Montessori ta fara ƙirgawa. Don ta gwada ta, sai ta ɗaga yarinyar da kujerarta ta ɗora a kan tebur. Yarinyar ta yi wuf ta tattara matosan a cinyarta ta ci gaba. Aka sa sauran yara su yi waƙa, suka yi, ba ta ɗago ba. Sai da ta yi sama da sau 40 sannan ta tsaya don kanta, ta dubi mutane tana murmushi kamar wadda ta tashi daga barci mai daɗi. A lokacin, abin da masana suka yarda da shi shi ne ƙaramin yaro ba ya iya tsai da hankalinsa a kan abu ɗaya.

Launi da siffa: daga mai nisa zuwa mai kusa

Sauran kayan duk a kan wannan hanya aka bi da su. Akwai 'yan alluna da aka naɗe da zaren siliki, launi 8, kowane launi kuma mataki 8 daga mai duhu zuwa mai haske, 64 ke nan. Ba a zube wa yaro su gaba ɗaya. Da shida ake farawa: ja biyu, shuɗi biyu, rawaya biyu. A ɗauki ja a ce ya nemo ɗan'uwansa. In ya ƙware, a ƙara launuka. Sai daga baya a ba shi launi ɗaya ya jera matakansa, daga ja wur har zuwa wanda ya kusa komawa fari. Wato haɗa iri da iri tukuna, sannan jerawa. Bambanci mai nisa tukuna, sannan na kusa.

Wata rana akwatin allunan ya suɓuce wa malama, suka watse a ƙasa. Ta tsaya tana tunanin yadda za ta mai da su a jere, don matakan sun yi kusa da juna ƙwarai. Yaran suka rugo suka jera su cikin ɗan lokaci.

Da siffofi ma haka, da'ira da murabba'i da alwatika na katako, kowace da gurbinta. A nan an ci karo da wata matsala: wasu yaran in sun kalli siffar ba sa gane gurbinta, sai su yi ta dannawa ko'ina. Da aka koya musu su bi gefen siffar da yatsa, sannan su bi gefen gurbin, sai suka fara dacewa. Hannu ya gane abin da ido bai kai ga ganewa ba.

Sunaye kuwa sai a ƙarshe, kuma da hanyar Seguin mai hawa uku. Malama ta ce, wannan ja ne, wannan shuɗi ne. Sannan ta ce, ba ni ja. Sannan ta nuna ta ce, wannan mene ne? In yaro ya miƙo shuɗi a maimakon ja, ba a ce masa a'a. Malama ta yi murmushi, ta kwashe allunan, a bari sai wata rana.

Wannan bari ɗin shi ya fi wa malamai wuya. Montessori ta ba da labarin wani yaro ɗan shekara 2 da rabi a ɗaya daga cikin Gidajen Yaran. Manyansa sun kewaye wani baho da kayan wasa ke yawo a kan ruwa, shi kuma ya kasa kutsawa. Ya tsaya ya waiga, idonsa ya faɗa kan wata 'yar kujera, fuskarsa ta washe, ya nufe ta don ya jawo ya hau. Kafin ya kai, malama ta sure shi ta ɗaga sama da kawunan yara don shi ma ya gani. Ya ga kayan wasan. Amma hasken da ke fuskarsa ya ɗauke.

Abin da ya biyo baya, Afrilu 1907 zuwa 1909

Ranar 7 ga Afrilu 1907, wata uku da buɗe na farko, kamfanin ya buɗe Gidan Yara na biyu a unguwar. Kuɗin da a da ake kashewa a gyaran ɓarna shi ke ɗaukar nauyin ɗakunan. Iyaye mata suka fara roƙon a koya wa 'ya'yansu karatu. A ƙarshen shekarar aka yanka haruffa da samfefa aka manna a kati, yara suna bin su da yatsa kamar yadda suka saba bin gefen alwatika, kuma kafin shekarar ta fita wasu 'yan shekara 4 sun fara rubuta kalmomi da alli. A Oktoba 1908 aka buɗe wani a Milan, a wata unguwar ma'aikata. A 1909 Montessori ta gudanar da horon malamai na farko, ta kuma wallafa bayanin hanyar tata. Baƙi daga ƙasashe suka riƙa zuwa kallon yaran San Lorenzo.

Hukunci

Ba daidai ba ne a ɗora wa katako dukan abin da ya faru. Yaran da a da suke yini a kan matakala ba mai kula da su sun sami ɗaki mai ɗumi, da wanka, da likita, da babbar mace da ke zaune da su, uwayensu kuma suna zuwa duk mako. Ko babu matoshi ko ɗaya, wannan kaɗai zai rage zane a bango. Dokar sallamar yaron da ya gagara ma tana gyara sakamako ta hanyar da ba ta da alaƙa da koyarwa. Sannan yawancin labarin daga alƙalamin Montessori ya fito, kuma ba a ware wasu yara a gefe an kwatanta ba. A 1914 wani malamin jami'ar Kolombiya a Amurka, William Kilpatrick, ya soki hanyar da cewa kayan sun ƙuntata, ba su bar wa yaro filin ƙirƙira da wasan kwaikwayo ba, kuma horar da ido a kan kauri da launi ba ya nufin hankali ya horu a kan komai. A ganina yana da gaskiya a wani ɓangare. Yaron da ya ƙi 'yar tsana mai tsada a ɗakin da baƙuwa ke kallonsa, ba shi ke nuna yara ba sa buƙatar wasan 'yar tsana ba.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya. A 2006 Angeline Lillard da Nicole Else-Quest sun wallafa wani bincike da suka yi a birnin Milwaukee na Amurka, inda ƙuri'a ce ta raba yaran da suka shiga makarantar Montessori da waɗanda ba su samu ba. 'Yan shekara 5 na Montessori sun fi takwarorinsu a wani gwajin rarraba kati, wanda ake cewa yaro ya ware katuna bisa launi, sannan a sauya doka a ce ya ware su bisa siffa. Yawancin 'yan shekara 3 sukan maƙale wa dokar farko ko da sun iya faɗin sabuwar da baki. Yaran binciken ba su da yawa, amma abin da aka auna shi ne ainihin abin da ake magana a kai: yaro ya saki hanyar da ta daina yi masa aiki ya kama wata.

Abin da na ɗauka ya yi aiki a San Lorenzo abu uku ne da suka haɗu, kuma ɗaya ba ya yi sai da sauran. Yawancin kayan suna bambanta ta fuska ɗaya tak, saboda haka yaro ya san abin da yake nema. Kayan da kansu suke nuna kuskure, saboda haka yaro ba ya kallon fuskar malama don ya san ko ya yi daidai. Na ukun kuma, wanda aka fi shan wahala kafin a samu, an hana babba sa hannu. Rarrabewa da haɗawa su kaɗai ba sa koya wa yaro neman mafita. In malama ce ke cewa wannan nan, wancan can, to biyayya ya koya. Mafita tana farawa ne a daidai lokacin da matoshi ɗaya ya rage a hannu, kuma aka bar yaron da shi.

A Kano da Kaduna da Abuja ba a rasa allon makarantar rainon yara da aka rubuta wa Montessori, kuma kowa na iya rubuta sunan a allonsa. Wasu suna da katakon, an sayo shi da tsada, yana cikin kabad ɗin ofis don kada yara su ɓatar da matosan, sai ranar da iyaye za su zo a fito da shi. Wannan shi ne kabad mai makullin da aka kawar tun watannin farko na 1907. Ajin da ba shi da katakon, amma yana da kwanuka biyar da murafensu a ƙasa inda hannun yaro ke kaiwa, da malamar da za ta iya zama ta ga murfi ya zauna a karkace ba ta gyara ba, ya fi kusa da abin da aka yi a wancan ɗaki.